Abin da zama a cibiyar bincike ta fannoni da yawa ya koya mini game da hujja

Lokacin da na fara aiki a matsayin mataimakin mai bincike a wata cibiyar jami'a da ta tara masana kimiyyar zamantakewa da masana tarihi, harshe, shari'a da falsafa a inuwa ɗaya, na ɗauka cewa wahalar aikin ba za ta wuce ta tsara lokaci ba, wato samun ranar da masanin tattalin arziki da masanin harshe za su zauna a ɗaki guda ba tare da ɗayansu ya kawo uzurin shiga aji ko taron sashensa ba. Wannan wahala tana nan, kuma ta ci mini lokaci mai yawa, amma ba ita ce babba ba. Sai da na yi 'yan shekaru ina rubuta bayanin taruka, ina sauraron gardamar manya, sannan na gane cewa abin da ya raba waɗannan mutane shi ne abin da kowannensu ya yarda ya kira hujja, kuma yawancin saɓaninsu daga nan yake tsirowa.

Aikin farko da aka sa ni a ciki ya shafi yadda mazauna gefen wani birni mai saurin faɗaɗa suke raba ruwa da filaye a tsakaninsu. Masanin tattalin arzikinmu ya zo da takardar tambayoyi wadda ya tsara da kyau, kuma tambayar farko a cikinta ita ce adadin mutanen gida. Wata malama, masaniyar al'adu da rayuwar al'umma, ta dakatar da shi a nan, ta nemi ya bayyana wa ake ƙirgawa a matsayin ɗan gida. Ya ba ta amsar da aka saba amfani da ita a yawancin irin wannan ƙidaya, cewa su ne waɗanda suke kwana a muhalli ɗaya suna kuma ci daga tukunya ɗaya. Ta ce to ina za a sa mutumin da yake aiki a wani gari, ba ya kwana a gidan sai jefi-jefi, amma shi ne yake biyan kuɗin ruwan, kuma ba a yanke shawara a kan filin sai da yardarsa? Ina kuma za a sa iyalai biyu da suke girki dabam-dabam amma famfonsu ɗaya? Zama uku aka yi a kan wannan kalma ɗaya, kuma ina zaune a gefe ina ganin taron tsintsiya ne kawai ba shara.

Na yi kuskure. Duk lissafin da za a yi daga baya, na yawan ruwan da mutum ɗaya yake samu ko kuɗin da yake kashewa, sai an raba shi da adadin mutanen gida, saboda haka idan wannan adadi ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa ya karkace, komai kyan lissafin. Shi ma masanin tattalin arzikin yana da gaskiyarsa, wadda na daɗe ban yaba mata ba: idan kowane mai ɗaukar bayani ya fassara kalmar gida yadda ya ga dama, ba za a iya kwatanta unguwa da unguwa ba, balle a kwatanta sakamakonmu da na ƙidayar da hukumomi suka riga suka yi. A ƙarshe aka bar ma'anar da aka saba da ita, aka ƙara tambayoyi a kan wanda yake biya da wanda yake yanke shawara ko da ba ya nan. Babu ɗayansu da ya fita yana jin ya yi nasara, amma takardar ta fi yadda ta shigo inganci.

Ni ma ban tsira ba. Na yi karatun tarihi, kuma an horar da ni in tambayi kowace takarda wane ne ya rubuta ta, wa ya rubuta wa, kuma me yake nema. Na kawo tsofaffin takardun rajistar filaye daga ma'ajiyar takardun tarihi ina alfahari da su, domin na yi watanni ina bin su layi-layi. Masanin shari'a ya duba su ya ware waɗanda kotu za ta karɓa da waɗanda ba za ta kalla ba, abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba. Masanin harshe kuwa ya yi mini tambaya ɗaya a hankali: «Malam, kafin magatakarda ya rubuta wannan, da wane harshe mai filin ya yi magana?» Da muka bi diddigi sai muka ga cewa kalmar da aka rubuta da ma'anar mallaka ta fito ne ta bakin tafinta, kuma a harshen masu filin tana iya nufin izinin amfani da wuri kawai, ba tare da ikon sayarwa ba. Na san in tuhumi marubuci, amma ban taɓa tuhumar tafinta ba, alhali yana tsaye tsakanina da mutumin da nake son jin muryarsa.

Bayan wannan ne na koma na karanta tarihin irin waɗannan cibiyoyi, domin in ga ko mu kaɗai ne muke fama. An kafa Cibiyar Nazarin Zamantakewa ta Frankfurt a Jamus a 1923, kuma a jawabin kama aikinsa na 1931 shugabanta Max Horkheimer ya nemi masana falsafa, zamantakewa, tattalin arziki, tarihi da halayyar ɗan Adam su riƙa aiki tare na dindindin a kan manyan tambayoyi. Hawan 'yan Nazi mulki a 1933 ya kori cibiyar daga ƙasar, ta sami mafaka a Jami'ar Columbia da ke New York a 1934. A Faransa, Marc Bloch da Lucien Febvre sun kafa mujallar Annales a 1929 domin su fito da tarihi daga labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe, su haɗa shi da labarin ƙasa da tattalin arziki. A Birmingham ta Ingila, Richard Hoggart ya kafa cibiyar nazarin al'adun zamani a 1964, Stuart Hall ya gaje shi, kuma duk da sunan da ta yi a duniya, jami'ar ta rufe sashen da ya gaje ta a 2002. A nahiyar Afirka, cibiyar binciken zamantakewa ta Makerere da ke Kampala ta faro ne tun 1948, ta nazarin Afirka da ke Jami'ar Ghana kuma a 1961. Abin da na lura da shi shi ne, waɗanda suka bar tarihi a cikinsu duk suna da tambaya guda da ta hana su barci, wadda fanni ɗaya ba zai iya amsawa ba. Gini da allon suna a ƙofa ba su taɓa haɗa kan masana ba.

Misalin da ya fi kama hankalina, watakila saboda ya yi kusa da aikinmu na ruwa, shi ne na Elinor Ostrom. Ita da mijinta Vincent sun kafa cibiyarsu a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1973, suka kuma raɗa mata suna mai ma'anar wurin aikin masu sana'ar hannu, inda gwani da ɗan koyo suke aiki kafaɗa da kafaɗa. A lokacin, ra'ayin da Garrett Hardin ya yaɗa a 1968 shi ne ya yi rinjaye, cewa duk dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta, kamar makiyaya ko wurin kamun kifi, ƙarshenta lalacewa ne, sai dai gwamnati ta karɓe ta ko a raba ta ga masu zaman kansu. Hujjojin da suka saɓa wa wannan suna nan, amma a warwatse suke: masanin al'adu ya rubuta a kan makiyayar ƙauyen Törbel a Suwizalan, masanin tarihi a kan magudanan ban-ruwa na Valencia a Sifaniya, wasu a kan dazukan ƙauyukan Japan da manoman rani na Filifin, kowa a mujallar fanninsa, ba mai karanta na wani. Aikin Ostrom da abokanta shi ne tsara tambayoyi iri ɗaya da za a yi wa kowane ɗaya daga cikin waɗannan rubuce-rubuce, ta yadda labarin ƙauye guda zai zama abin da masanin tattalin arziki zai karɓa a matsayin hujja. A 2009 ta zama mace ta farko da ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki, alhali digirinta na kimiyyar siyasa ne. Da na karanta wannan sai na ga zamanmu uku a kan kalmar gida da wani ido dabam.

Akwai wani ruɗi da ni kaina na faɗa cikinsa a shekarata ta biyu, wato tunanin cewa mai aiki a irin wannan wuri ya kamata ya zama ɗan kowane fanni. Na tsinci kalmomin masana tattalin arziki da na masana falsafa ina jefawa a rubutuna, har ranar da shugaban cibiyar ya dawo mini da wata takarda ya ce bai ga masanin tarihi a cikinta ba, kuma masanin tarihi suka ɗauka aiki. Sanin shanu da fannoni biyar bai amfani kowa a teburin ba. Wanda ya fi amfani shi ne wanda ya san fanninsa har ya san inda iyakarsa take, ya iya faɗa wa abokan aiki cewa takardun nan za su iya nuna abu kaza, amma ba za su iya nuna kaza ba, daga nan sai ku. Abin da ake bukata ya koya daga sauran fannoni shi ne yadda suke tabbatar da magana, domin ya iya yi musu tambaya mai ma'ana, ya kuma fahimci amsar.

Sai kuma abin da ba a cika faɗa a takardun neman tallafi ba, wato tsarin jami'a da kansa yana jan mutane su koma sassansu. Ƙarin girma daga sashe yake fitowa, kuma masu tantancewa suna auna mutum ne da mujallun fanninsa. Masanin tarihi ana jiran littafinsa, wanda galibi shi kaɗai yake rubutawa cikin shekaru. Masanin tattalin arziki ana ƙirga maƙalunsa, kuma a fanninsa an saba jera sunayen marubuta bisa tsarin haruffa, yayin da a wasu fannoni sunan farko yake nuna wanda ya fi yin aiki. Masanin al'adu kuwa yana son shekara guda ko fiye a cikin mutanen da yake nazari kafin ya buɗe baki. Duk waɗannan ana so a cusa su cikin tallafin shekara biyu ko uku. Manyan farfesoshi ba su da asara, domin sun riga sun kafu. Matasa ne suke cikin haɗarin zama ba tsuntsu ba tarko, kuma na ga wanda ya yi aiki mai kyau tare da mu amma sashensa ya ƙi ƙirga maƙalar saboda ta fito a mujallar wani fanni. Kwamitin Gulbenkian kan sake fasalin kimiyyar zamantakewa, wanda masanin zamantakewa Immanuel Wallerstein ya jagoranta, ya ba da shawara a rahotonsa na 1996 cewa a riƙa naɗa malamai a sassa biyu lokaci guda, amma a abin da na gani, sau da yawa hakan yana ƙarewa ne da taruka ninki biyu da nauyin koyarwa ninki biyu.

Kuɗi ma yana da tasa illar. Mahmood Mamdani, wanda ya karɓi shugabancin cibiyar Makerere a 2010, ya soki yadda aikin kwangilar ba da shawara ya mamaye bincike a jami'o'i, inda mai biya yake kawo tambaya, masani kuma ya zama mai tattaro amsa kawai, kuma a 2012 cibiyar ta fara shirin digiri na uku mai haɗa fannoni domin horar da masu iya tsara tambayarsu da kansu. Na fahimci abin da yake nufi a duk lokacin da muka zauna muna gyara manufar bincike don ta dace da sharuɗɗan mai ba da tallafi, muna kuma sa sunan masanin falsafa a takarda don a ce an haɗa fannoni, alhali babu wanda ya yi niyyar tambayarsa komai.

Abu ɗaya da cibiyarmu ta yi daidai, a ganina, shi ne tsarin taron ƙara wa juna sani na mako-mako. Ana raba maƙala kwanaki kafin zama, marubucin ba ya karanta ta, sai wani daga wani fanni dabam ya fara bayyana abin da ya fahimta a cikinta, marubucin yana zaune shiru. Ranar da aka yi mini haka, masaniyar zamantakewa ce ta gabatar da tawa, kuma na ji ta taƙaita shafuka ashirin a magana guda wadda ban yi nufin faɗa ba, amma da na koma na duba sai na ga ita na rubuta.

Rahoton aikin ruwan ya fita da babi biyu da ba su yarda da juna ba a kan dalilin da ya sa wasu unguwanni suka iya kula da rijiyoyin burtsatsensu wasu suka kasa. Alƙaluma sun jingina abin ga yawan kuɗin shiga da daɗewar mazauna a wurin, hirarraki da tsofaffin takardu kuma sun jingina shi ga rikicin da ke kan filin da aka haƙa rijiyar. Masu ba da tallafi sun nemi a zaɓi ɗaya. Shugaban cibiyar ya ƙi, aka buga su gefe da gefe, tare da shafi guda mai bayyana irin binciken da zai iya raba gardamar, wanda har na bar wurin ba a sami kuɗin yin sa ba. A ƙarshen rahoton masanin harshe ya sa ɗan jerin kalmomin da mazauna suke amfani da su wajen maganar fili da ruwa, da bambancin ma'anar kowace da abin da doka take nufi. Mun ɗauke shi ƙari ne kawai, har an so a cire shi saboda tsawo, amma shi ne ɓangaren da lauyoyi da jami'an tsara birane suka fi rubuto mana suna nema.