Kalmar "creepy" da yadda ake amfani da ita

Yaranmu na Aboabo da Asawase a Kumasi suna yawan cewa "creepy" a WhatsApp, amma da yawansu suna ɗaukar ta daidai da "scary". Akwai bambanci. "Scary" na abin tsoro ne a fili, kamar kare ya biyo ka da gudu. "Creepy" kuwa abin da bai taɓa ka ba tukuna, amma tsigar jikinka ta tashi, hankalinka ya ƙi kwanciya: baƙon da ya tsura maka ido a cikin trotro har ka sauka, ko wanda ya san gidanku alhali ba ka taɓa faɗa masa ba.

Tushenta "creep" ne, wato rarrafe ko sanɗa, kamar wani ƙwaro na bin fatarka. Shi ya sa ta fi dacewa da mutum mai laɓe-laɓe.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne "I am creepy". Wanda ya faɗi haka kansa ya zarga, don ma'anarta shi ne mai tayar wa mutane hankali. Idan kai abin ya dama, ka ce "I am creeped out". Wajen kwatanci kuma "creepier" ake cewa.

Idan wuri ne ya yi tsit, kamar kasuwar Kejetia da tsakar dare, "eerie" ta fi zama daidai. A rubutun jarrabawar WASSCE kuwa, "creepy" kalmar hira ce, gara ɗalibi ya rubuta "unsettling" ko "disturbing".