Na ajiye aikin koci a Teksas, ga abin da ya tsaya min a wuya

To jama'a na bar aikin mataimakin koci a sakandaren da nake, kuma tunda kowa sai tambaya yake me ya faru bari in faɗa sau ɗaya in huta. Duk wanda ya san ƙwallon Amurka a Teksas ya san atisayen watan Agusta, rana na dukan ƙeya yara sun sha hular kwano da sulken kafaɗa, iyaye na gefe cikin inuwa suna tafi.

Babban kocinmu irin mutanen da ne, a wurinsa yaro bai yi atisaye ba sai ya yi amai a fili. Abin da ya fi ƙauna shi ne gudun hukunci, a tsallaka faɗin fili a dawo a sake tsallakawa a dawo ba tsayawa, faɗin nan kuwa yadi 53 ne da 'yar ɗoriya, mutum ɗaya ya makara kowa ya sha.

Akwai wani yaro cikin ƙartin layin gaba, takardar likitansa ta nuna rukunin jininsa AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya. Mu da muka taso inda ake gwajin jini kafin ɗaurin aure mun saba jin AS ba ruwansa da ciwo sai maganar haihuwa, amma a gudu mai tsanani ba hutu ga zafi ga ƙishirwa ƙwayoyin jinin na iya lanƙwashewa su toshe hanya, tsoka ta fara lalacewa, kuma an rasa 'yan wasa ta wannan hanyar, shi ya sa NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta kawo dokar gwajin sikila a manyan jami'o'i tun 2010. Abin da ke ruɗa mutane ba ya kama da ɗaurewar jijiya da aka saba gani inda yaro zai riƙe ƙafa yana ihu, wannan jiki ne kawai zai saki. Haka na ga yaron nan, yana jan ƙafa, numfashi sama-sama, ya dafa gwiwa ya kasa ɗagowa. Na cire masa hula na zaunar da shi a inuwa na kira mai kula da lafiyar 'yan wasa. Sai kawai koci ya busa usur ya tsayar da kowa, a gaban yara ya ce wa ya ba ni izini, wai ina koya musu ragwanci. Washegari aka ɗauke ni daga ɓangaren motsa jiki aka mayar da ni ɗaukar bidiyo da ƙirga riguna, har ƙarshen kakar wasa. Babu wanda ya buɗe baki a cikin sauran mataimakan, kowa na tsoron tuwonsa, ban ga laifinsu sosai ba amma dai na riƙe.

Don haka masu shirin shiga harkar, ku karanta takardun likitan yaranku da kanku tun kafin ranar farko, kuma duk abin da kuka faɗa wa na sama ku tura shi ta imel, magana ta baka ba ta da shaida. Ku bi tsarin sabawa da zafi na kwana 14, kwana biyun farko hula kawai, sulke ya biyo baya a hankali. Bahon ruwan ƙanƙara ya zama yana bakin fili a cike ba a sito ba, in zafi ya buge yaro sanyaya shi ake fara yi kafin a ɗauke shi zuwa asibiti, Korey Stringer na ƙungiyar Minnesota Vikings ƙwararren ɗan wasa ne da likitoci a kusa amma zafi ya kashe shi a sansanin horo a 2001. Atisayen Oklahoma da ake haɗa yara biyu su yi karo kamar raguna, NFL kanta, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka, ta ce ƙungiyoyinta su daina tun 2019, ban ga dalilin da ɗan shekara 15 zai ci gaba ba. A koya musu kamu da kafaɗa, kai a ɗage. Ruwa kuma ba lada ba ne balle a hana shi.

Yaron dai ya gama kaka lafiya lau, gudunsa aka riƙa raba masa da hutu a tsakani kamar yadda na ce tun farko, har ya shiga cikin masu fara wasa. A liyafar ƙarshen kaka koci ya tashi da makirfo ya nuna shi ya ce wannan shi ya gina shi da hannunsa, ni ina can baya ina riƙe da kamara.