Daga Kumasi zuwa Yendi, bin sawun makaɗan lunga

Na bar Kumasi bayan sallar asuba, saura kwana uku azumi ya ƙare. Mai son jin samban lunga, wato daren da makaɗa suke rera tarihin sarakuna a ƙofar fada, dole ne sallah ta same shi a ƙasar Dagwamba, domin sau biyu kacal ake yinsa a shekara, da ƙaramar sallah da babba. Gara a isa da kwana biyu a hannu, saboda ganin wata ne ke yanke daren, kuma kowace fada tana da yadda take tsara nata.

Tafiyar wajen kilomita 380 ce zuwa Tamale. Ana bi ta Techiman da Kintampo, a haye Baƙar Volta a Buipe, a haye Farar Volta a Yapei. Daga Kintampo kurmi yake fara janyewa, itatuwan kaɗanya da ɗorawa su karɓi hanya, har mutum ya ga kamar gida ya nufa. A Tamale kuwa Bahaushe ba ya baƙunta sosai. Tuwon da ake ci sunansa tuo zaafi, ana karyawa da koko da ƙosai, labari a Dagbanci, harshen Dagwamba, lahabali ne, lafiya kuma alaafee. Ba abin mamaki ba ne, tunda hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja ta Yendi ta ratsa kafin ta sauka Salaga. Amma kada wannan ya ruɗi mutum ya ɗauka Hausarsa za ta ishe shi. A kasuwa da zango za ta yi, a ƙofar fada kuwa sai da tafinta, kuma ba kowane mai jin Dagbanci ne ke iya fassara makaɗi ba. Harshen waƙar tarihi tsoho ne, cike da karin magana, har matasan garin da yawa sai dai su tsinci kalma nan da can. A nemi dattijo wanda ya tashi kusa da gidan makaɗa.

Washegari na je unguwar makaɗan, waɗanda ake kira lunsi. Ita lunga, idan ka gan ta, kalangu ce ba wani abu ba: itace mai siririn ƙugu, baki biyu. Ana jiƙa fatar akuya, a kankare gashin, a ɗinke ta a jikin zobe, a kifa a kowane baki, sannan a haɗa zoben biyu da tsirkiyoyi masu yawa waɗanda aka fi so a yanka daga fatar dabbar dawa irin su gada, don ta fi jure matsa. Makaɗi yana rataya ta a kafaɗa da ƙyalle, ta zauna a hammata. In ya matse tsirkiya murya ta hau, in ya sassauta ta sauka, yana dukanta da lanƙwasasshen makaɗi. Da yake Dagbanci ma harshe ne mai hawa da saukar murya kamar namu, da haka gangar take furta suna da kirari. Abokiyar tafiyarta ita ce gungon, babbar ganga mai tsarkiya guda a saman fata wadda ke sa ta ziza.

Abin da ke ɓata lunga sananne ne a wurinsu. Danshin damina yana sa fata ta saki, murya ta dushe, sai an shanya ta ko an kara ta kusa da wuta kaɗan. Iskar hunturu kuma tana busar da ita har ta tsage in aka dake ta da ƙarfi. Fatar tsohon bunsuru ta yi kauri, ba ta magana da kyau. Kan sandar kiɗan in bai yi sumul ba shi ne ke huda fata. Shi ya sa duk wanda zai kwana yana kiɗa ba ya fita da ganga ɗaya.

Kiɗan nan gado ne. Lunsi suna jingina asalinsu ga Bizung, ɗan wani tsohon sarkin Dagwamba mai suna Naa Nyagsi, wanda aka ce ya tashi maraya, ba uwa, yana kaɗa fasasshiyar ƙwarya don a tuna da shi a ba shi abinci, daga baya ya zaɓi ganga a kan sarauta. Yaro yana farawa tun yana ƙarami da 'yar lunga daidai hammatarsa, kuma abin da ake fara koya masa shi ne Dakoli n-nye bia, wato gwauro yaro ne, mai iyali shi ne babba. Daga nan sai sunayen sarakuna ɗaya bayan ɗaya, da 'ya'yansu, da garuruwan da kowane ɗa ya sarauta. Da dare ake karatun, bayan yaro ya yi wa malaminsa hidima, ana maimaitawa har ya zauna. Ranar kasuwa, wadda a Tamale take zagayowa duk kwana shida, nan ne wurin gwaji: ya hangi mutum, ya gane gidansu, ya kaɗa masa kirarin kakansa. Ko 'yar makaɗa ta yi aure a wani gida, ana sa ran ta mayar da ɗa guda ga ganga, kuma mutane sun yi imani cewa gidan da ya hana, ciwo ko taɓin hankali na iya biyo baya. Shugaban makaɗan ƙasar duka shi ne Namo Naa, yana Yendi.

Kafin daren sai an gaida sarkin da za a yi kiɗan a ƙofarsa. Ba a faɗa wa fada kai tsaye. Ana samun dattijon fada ya yi wa mutum iso, a riƙe goro da ɗan abin da aka ɗora a kai, a tuɓe takalmi a bakin zauren nan mai da'ira da suke kira zong. Sarki a kan fatu yake zaune, domin a arewacin Gana fata ce alamar sarauta, kamar yadda kujera take a Asante. Maza su durƙusa suna tafi a hankali, mata suna ƙyasta yatsu. Gaisuwar safe dasiba, ta rana antire, ta yamma aniwula, amsa kuma naa. Maganarka ta bi ta bakin dattijon, amsar sarki ma ta nan za ta dawo. A nan ne ake neman izinin ɗaukar murya ko hoto, kuma izinin sarki daban, na makaɗin daban. Wanda ya tsallake na biyun zai ga an yi masa shiru irin wanda ba ya warwarewa.

Ma'anar samban lunga ita ce kiɗan ƙofar gida, don a filin da ke gaban fada ake yi. Bayan isha'i ƙananan makaɗa suka fara, suna zuba kirarin sarakuna, jama'a na taruwa da tabarmi da kujeru. Sai dare ya yi nisa babban mawaƙin ya miƙe. Ya fara da ambaton Allah, ya ambaci Bizung da kakanninsa makaɗa, sannan ya bi jerin sarakuna har ya iso kan wanda aka zaɓa a wannan dare, ya tsaya a kansa. Shi yana rerawa yana kaɗawa, taron makaɗa a bayansa suna amsawa da ganguna. A tsaye yake yi har kiran asalatu. Duk wanda aka taɓo kakansa sai ya taso ya liƙa masa kuɗi, don haka a tanadi canji, takardun sidi 5 da 10, kuma a zo da mayafi, domin sanyin asuba ba ya tausayin baƙo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba a ɗauki tarihin nan a matsayin hira ba. Kiran sunan tsofaffin sarakuna da tone yaƙe-yaƙensu abu ne mai nauyi a wurinsu, suna ganin matattun suna ji. Saboda haka kafin a fara sai sarki ya ba da dabbar da za a yanka, kuma girmanta ya danganta da nauyin labarin, wani kaza ta isa, wani sai tunkiya ko fiye. Akwai wuraren da mawaƙi zai zo ya kewaye, ya ba da su a dunƙule cikin karin magana, ya wuce. Wannan ba mantuwa ba ce. Kuskuren da ake jin tsoro shi ne a ba ɗa uban da ba nasa ba, ko a tsallake wani a jerin gida, domin a ƙasar da sai ɗan sarki ko jikansa ke neman fata, abin da makaɗi ya faɗa a bainar jama'a hujja ce.

A daren da na halarta, labarin Naa Luro aka yi. Gwanjawa sun kashe wanda ya gabace shi, Naa Darizhegu, shi kuwa ya zauna bai ɗau fansa ba, har matarsa ta goranta masa cewa yana neman abinci alhali bai san ma inda kabarin ɗan'uwansa yake ba. Ya fita yaƙi da damina, kogi ya tare shi, aka kira maƙera suka haɗa masa abin hayewa, ya je ya kashe sarkin Gwanja. Daga nasarar nan kiɗan Bangumanga ya samo asali, kuma da aka iso wurin sai filin ya ɗauka gaba ɗaya. Na lura mawaƙin ya daɗe a kan gorin matar fiye da yadda ya daɗe a kan yaƙin kansa, mata kuma suna ta guɗa.

Da za a koma can farko, labarin yana farawa ne da Tohazie, jan maharbi, wanda aka ce ya fito daga gabas, ya yada zango a Zamfara, ya kai ƙasar Mali, ya kashe wata muguwar dabba da ta hana mutane ɗiban ruwa, aka ba shi 'yar sarki gurguwa ya aura. Bahaushe da ya ji wannan ba sai an tuna masa da rijiyar Kusugu ba, ko da yake kama da wane ba ta wane ba ce. Daga zuriyarsa aka sami Naa Gbewaa na Pusiga, wanda aka ce ƙasa ta haɗiye shi da ya ji ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya kashe wani ɗan nasa saboda gado. 'Ya'yansa ne suka kafa masarautun Mamprugu da Dagbon, wato ƙasar Dagwamba, da Nanung, Mosawa kuma suna danganta kansu da gidan ta wajen mace, Yennenga. Sai Naa Zangina, wajen shekarar 1700, wanda ya ci sarauta ta gasar karin magana a gaban sarkin Mamprugu, kuma a zamaninsa Musulunci ya zauna a fada ta hannun malamai Wangarawa da Hausawa.

Kwana biyu bayan sallah na kama hanyar Yendi, kilomita kusan 100 gabas da Tamale, ta Sang. A nan ne fadar Gbewaa take, mazaunin Ya Naa, babban sarkin Dagwamba. Mai ziyara ya san bakinsa a garin nan. Rikicin gidan Abudu da gidan Andani, rassa biyu na gidan sarautar, ya kai ga kisan Ya Naa Yakubu Andani na Biyu a watan Maris 2002, kuma sai Janairun 2019 aka naɗa Ya Naa Abukari na Biyu. Kakannin gidajen biyu duk suna da kiɗansu, Nagbiegu na Naa Abdulai, Naani Goo na Naa Andani, wanda Jamusawa suka ci mayaƙansa a Adibo a 1896. Ana kaɗa su duka a biki, amma baƙo ba ya tambayar makaɗi wane gida ne ke da gaskiya.

A Yendi ne kuma na fi ganin abin da ganga ba ta cika faɗa ba. Lunga bakin fada ce, don haka tarihin masu fata take bi. Kafin zuwan 'ya'yan Gbewaa akwai tindana, masu kula da ƙasa da wuraren tsafinta. Waƙa tana ambatonsu ne galibi a matsayin waɗanda Naa Nyagsi ya karkashe ya ɗora 'ya'yansa a garuruwansu. Amma ba su ƙare ba. Har yau akwai su, a wasu wurare ma mata ne, kuma in aka yi fari ko aka zubar da jini a ƙasa, wurinsu ake zuwa, a gari guda da masallacin Juma'a. Nasu labarin ba shi da daren da ake taruwa a ji shi, sai dai ka je gidan mutum da goronka ka zauna, in ya ga dama ya faɗa. Haka 'yan ƙabilar Konkomba, waɗanda suke yankin Yendi tun kafin a dawo da babban birni nan, suna da nasu bayanin yadda abin ya faru, kuma bai yi daidai da na fada ba. A kusa da garin akwai Gundogu, inda Gundo Naa take sarauta, mace, 'yar Ya Naa, da fadarta da dattawanta.

Hatta bukukuwa baki biyu gare su. Bugum, bikin wuta na daren tara ga Muharram, lokacin da mu muke cika-ciki, wani zai ce maka ɗan sarki ne ya ɓata, aka fita nemansa da wutar ciyawa a hannu, aka same shi yana barci a gindin itace, shi ya sa ake jefa wa itace wuta. Malami kuma zai ce tunawa ce da saukar jirgin Annabi Nuhu. Mutum ɗaya yana iya ba ka duka biyun, bai ga wani karo a tsakaninsu ba.

Kafin in bar gari aka kai ni kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarma da suka yi ta kai hari suna kamen bayi a ƙasar Gurunsi, wanda ya ƙare rayuwarsa a Yendi a 1907. Kabarin yana cikin gidan zuriyarsa, ana nuna wa baƙi wasu kayan yaƙinsa da sarƙoƙi, ana ambatonsa da girmamawa irin ta kaka. A Sandema kuwa, can arewa, 'yan ƙabilar Builsa suna yin bikin Feok duk watan Disamba, su sa hulunan ƙaho, su ɗau kwari da baka, suna rawar ranar da suka fatattake shi. Daga Yendi zuwa can sai an koma Tamale, a bi ta Bolgatanga da Navrongo, kuma in ana son a tarar da rawar, sai a jira kaka ta shigo.