Ɗan Damagaram a cikin kayak

A Damagaram ruwa abin lissafi ne. Na taso ina ganin Inna tana tashi tsakar dare idan aka ce famfo ya kawo, kuma ruwan da aka wanke hatsi da shi ba a zubarwa, rabon awaki ne. Ruwa mafi yawa da na sani shi ne tabkin da damina ke bari a bayan gari, wanda ake dukan yaro idan ya je. To, mai wannan tarbiyyar ne Allah ya ɗauko ya ajiye a Ikko.

Na shigo Nijeriya a farkon 2022, ta Matamaye da Kwangwalam, na kwana Kano, daga nan sai kudu. Kawuna mai shayi ne a Obalende, shi ya karɓe ni, ya nemo mini babur na haya. Mu can kabu-kabu muke cewa. Ranar da na faɗi haka a teburinsa, Kanawa da Katsinawa suka yi ta dariya, har sunan ya bi ni. Naira ma ta ba ni wahala, don kowane ciniki sai na mayar da shi dala da jaka a kaina kafin in san ko an cuce ni. Ina cikin sabawa, ranar 1 ga Yunin shekarar aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomi shida, ciki har da inda nake nema. Na mayar da babur, na koma wanke kofuna.

Wani da ke shan shayi wurin Kawu ya ce ana neman maigadi a wata rumfar shaƙatawa a Tarkwa Bay. Kawu ya amsa a madadina. Sai da muka isa bakin ruwa na gane babu titin da ke zuwa can, sai jirgin ruwa. Na ce, "Kawu, wannan fa ba hanya ba ce." Ya ce, "Kai ɗan nan, shiga. Wanda ya zo ci-rani ba ya zaɓen ƙofa." Na karanta Bismillahi majreha wa mursaha ban san sau nawa ba, idona rufe, hannuna a kan igiyar rigar kariya da aka ɗaura mini.

Tarkwa Bay wani lungu ne na yashi a bakin mashigar da manyan jirage ke bi zuwa tashoshin Apapa da Tin Can. Abin da ya sa ruwansa ya fi na sauran bakin tekun Ikko lafawa shi ne wata doguwar ganuwa ta manyan duwatsu da Turawan mulkin mallaka suka jibge cikin teku sama da shekara ɗari da suka wuce, don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Ganuwar ce ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso. Ganuwar nan kuma ita ta tare yashin da ke gangarawa gabas, har teku ta yi ta cin gaɓar da ake kira Bar Beach shekara da shekaru, inda yanzu aka cike ake gina sabon birnin Eko Atlantic. Da dare daga rumfata ina hango fitilun benayen.

Abu na farko da ya ɗaure mini kai, ga ruwa iya ganinka, amma na sha sai an kawo shi a leda daga cikin gari. Har sai da na tambayi wani malami ko alwala ta yi da shi. Ya ce ruwan teku mai tsarki ne, kuma mushensa halal ne.

Maigidana yana da kayak guda biyar na roba da yake ba baƙi haya ranakun Asabar da Lahadi. Kayak ƙaramin kwalekwale ne siriri, asalinsa na mutanen ƙasashen ƙanƙara na can arewacin duniya, waɗanda ke ɗinka shi da fatar dabbobin ruwa don farauta. Namu irin wanda ake zama a bisa ne, yana da 'yan huji a ƙasa, ruwan da ya fantsamo ciki ta nan yake komawa. Aikina in wanke su, in jera, in ƙirga filafilai. Wata huɗu ina wannan ban taɓa sa ƙafa a ciki ba.

Wani yaron masunta da ke taimaka mana, wanda bai fi shekara goma sha biyar ba, shi ya matsa mini. Ba ya jin Hausa, ni kuma burokana a lokacin kame-kame ne, don haka yawancin karatun da hannu aka yi shi. Wata safiyar Talata cikin hunturu, lokacin da teku ta fi kwanciya, ya ja kayak zuwa inda ruwa ke gwiwa, ya nuna mini in fara ajiye mazaunai sannan in ɗago ƙafafu. Na zauna, na sandare kamar an dasa ice. Ƙaramar igiya ta zo, na kife. Na tashi ina ihu ina salati, sai na ga ruwan iya ƙirjina ne, yaron kuma yana riƙe da ciki don dariya.

A nan ya koya mini abin da har yau nake fara gaya wa duk sabon shiga. Mai sandarewa shi ke faɗuwa. Ka saki ƙugu, kayak ya yi rawarsa a ƙarƙashinka, kai dai kanka ya tsaya a tsakiya, idonka can gaba, kada ka kalli ruwan da ke gefenka. Wanda ya taɓa hawan raƙumi zai gane nan take, ni ma da na tuna haka sai abin ya zo da sauƙi. Filafilin mai baki biyu ne. Ana riƙe shi hannu biyu, tazara ta ɗan fi faɗin kafaɗa, a tsoma shi kusa da yatsun ƙafa, a cire shi daidai ƙugu. Sabon shiga yakan ja da damtse, minti goma ya gaji. Da gangar jiki ake juyawa, kamar mai shiƙa. Idan jirgi mai inji ya wuce ya taso da ruwa, ka juya hancin kayak ka fuskanci igiyar, kada ka ba ta haƙarƙari. In kuma ka faɗa, kada ka saki kayak, ka hau da ciki tukuna kamar mai hawan katanga, sannan ka juya ka zauna. Yaron ya sa na faɗa da gangan ya fi sau goma a ranar.

Bayan 'yan makonni kaina ya fara girma. Wata rana na nufi wajen bakin mashiga ni kaɗai, ban kula ruwa na janyewa ba. Teku tana cika ta janye sau biyu a yini, kusan kowane awa shida tana sauya hali, kuma idan tana janyewa, ruwan da ke kwance a bayan gari duk ta wannan mashigar yake fita. Ina tuƙi, duwatsu suna wuce ni ta inda ban nufa ba. Can gaba ga wani jirgin kwantena kamar unguwa guda ta taso, kuma irin wannan ba ya tsayawa don ɗan kwalekwale, mai yiwuwa ma matuƙinsa bai gan ka ba. Na yi ta kokawa da ruwan gaba da gaba har hannuwana suka mutu. Wani tsohon masunci ne ya jefo mini igiya ya ja ni gefe, yana ta faɗa da yarensa. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na fahimci duka. Tun ranar ba na barin baƙo ya wuce inda na yi masa iyaka, ko ya ce shi gwanin iyo ne, kuma babu mai hawa ba rigar kariya, komai tsadar kayan da ya sa don hoto.

Yanzu ni ke zaunar da baƙi. 'Yan banki da 'yan boko su zo suna kirana aboki, minti biyar a kan ruwa sai ka ji sun koma oga. Da sallah na kawo Kawu da mutanen teburinsa. Uku sun hau. Kawu ya zauna a yashi da carbinsa, ya ce shi ya ga abin da ya gani.

Da na aika wa Inna hotona a kan ruwa, ta kira a ruɗe ta ce in fito maza, kamar har lokacin ina ciki. Da hankalinta ya kwanta, sai ta ce in zan zo in ɗebo mata a gora, ta ji ko gaskiya ne da gishiri. Na cika gorar, sai aka yi juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, aka rufe iyaka. Gorar ta zauna a ƙarƙashin gadona har aka buɗe a 2024. Da na isa gida, ta sa aka kira maƙwabta, ta zuba a murfi, ta kurɓa, ta tofar.

Ta ce, "Shi ya sa ya yi musu yawa. Da na sha ne, da tuni an kwashe."