Shekara huɗu ina shayar da reshen da ba shi na saya ba

Har yau in na bi ta layin mangwaron nan na gabas sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji, shi ya sa nace bari dai in rubuta ko wani zai tsira.

Gonata ba wata babba bace, hekta ɗaya da ɗan ɗori, da can hatsi kawai nake yi, damina ta wuce a zauna jiran wata. Da na samu rijiya sai na kasa ta uku, gefe guda hatsin yana nan, kusa da rijiya na yi lambu, tumatir da albasa da karas da latas, sauran filin kuma na dasa mangwaro ɗan aure guda 40, iri biyu, Kent da Keitt, mita 10 tsakanin kowanne da ɗan uwansa. Iyaka na zagaye da zogale, gawo uku da na tarar a ciki ban taɓa su ba tunda shi da damina yake zubar da ganye, baya tare wa hatsi rana. Wannan duk ya tafi lafiya, ba shi ya kawo ni ba.

Lambu ne ya cinye ni. Wanda ya taɓa yi ya sani, tumatir ka yi kwana biyu baka leƙa shi ba zai nuna maka, ga ban ruwa ga cire ciyawa ga tsutsa ga tsinka da asuba, kuma shi ke kawo kuɗi duk sati, to dole hankali ya koma can. Bishiya kuwa bata magana. Iyakaci na da ita in ja tiyo in cika mata gurbi in wuce, ko sunkuyawa bana yi.

Tun wajen dasawa na fara ɓata abin ashe. Na zurfafa rami, wurin auren nan, ɗan ƙullin da ke jikin kara sama kaɗan da bakin leda, ya kusa nutsewa cikin ƙasa, na kuma tara busasshiyar ciyawa har ta rufe shi wai don danshi. Bayan 'yan watanni sai ga toho yana fitowa daga ƙasa, miƙaƙƙe mai ƙarfi, ganye jajaye suna sheƙi, wallahi murna na yi. Reshen sama kuwa yana nan a tsumbure kamar baya so. A wasu ma wuƙa na sa na datse tsumburarren don in ba mai ƙarfin wuri. Da hannuna fa. Wannan shi ne abin da har yanzu na kasa haɗiyewa.

Ɗan aure bishiya biyu ce a jiki ɗaya. Gindin daga ƙwallon mangwaro mai zare aka tsiro shi saboda juriyarsa, saman shi ne irin da ka biya kuɗi dominsa. Duk abin da ya fito ƙasa da wurin auren na gindin ne, kuma tunda shi ke da saiwa, in ka bar shi zai shanye abincin ya bar na saman da yunwa har ya bushe. Na san wannan a ka, ban dai taɓa durƙusawa na duba nawa ba.

Shekara ta huɗu suka yi 'ya'ya sosai, 17 cikin 40 suka fito ƙanana, zare kamar igiya, ƙwallo ya fi tsoka. Raina ya ɓaci, na zuba su a leda na tafi wajen dattijon da ya sayar min da dashen ina ta faɗa. Bai ce min komai ba, ya biyo ni har gonar, ya durƙusa ya tone gindin ɗaya da yatsunsa, sai ga wani busasshen kututture kamar ɗan yatsa maƙale a gefe, har sawun wuƙata yana jiki. Yace "ɗana, ga wanda na baka nan." Nace Baba ka yafe min. Kunya ta fi asarar ciwo ranar.

Kuma kada wani yace ai sai ka shuka ƙwallon Kent ɗin ka huta, baya fitowa irin uwarsa, shi ya sa ma ake auren tun farko. Ga shi ɗan aure shekara 3 zuwa 4 ya fara bayarwa, na ƙwallo kuwa yawanci ya fi haka daɗewa.

Tumɓuke su ban yi ba, saiwar shekara huɗu ba abin yarwa bace. Baban ne ya nuna min, muka sare kowacce daidai ƙugu, muka jira sabon toho ya kai kaurin fensir, aka zaɓi uku uku aka sake aura musu reshe daga masu kyaun, aka naɗe da leda. 13 suka kama a karon farko, huɗu sai da aka maimaita. Wato layin gabas ya koma baya da kusan shekara biyu kan jiran da na riga na yi, ga ruwan da na ja musu duk ranin nan huɗu.

Wani abu kuma da lambun ya jawo min, kwamin da na yi a tsakanin bishiyoyi. Shekarun farko babu laifi, fili ne a banza kuma dashen yana morar takin. Amma mangwaro yana son ya ɗan sha ƙishi kamar wata biyu kafin fure, waɗanda ke gefen tumatir kullum cikin danshi sai ganye kawai suke ta yi. Na janye kwamin can kusa da rijiya, dama inuwa ta fara yi musu yawa.

In zaka haɗa lambu da itatuwa, dan Allah ka bar wurin auren a sarari, aƙalla tafin hannu sama da ƙasa, ciyawar danshi kada ta taɓa karan, ledar ɗaurin ma a kwance ta in ya kama kada ta shaƙe shi. Ni yanzu fenti fari na shafa wa kowanne a wurin, kuma na ware safiya ɗaya a sati wadda ko tumatir zai ruɓe sai na zaga 40 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya a sunkuye. Satin da ya wuce ma na samu toho biyar a ƙasan fenti, masu laushi, da farce na cire su.