Daga Fatakwal zuwa Bodo

Da sassafe muka bar Fatakwal a wata ƙaramar bas da ke zuwa Gokana, ƙaramar hukumar da garin Bodo yake. Tun kafin mu tashi na shafa gilashin motar, yatsana ya dawo baƙi ƙirin. Wannan toka ce da ta addabi garin tun wajen 2016, yawancinta daga haramtattun matatun daji da mutanen wurin ke kira kpofire. Mun wuce matatar Eleme cikin jerin tankoki da ramuka, sai ga mu a ƙasar Ogoni.

Bodo gari ne na masunta. A bakin ruwa na yi ciniki da wani dattijo mai kwale-kwale, ya shiga da ni cikin rafukan. Ruwa ya janye a lokacin, don haka laka ta fito fili. Ya caka sandar tuƙinsa a ciki, da ya zaro sai wani baƙin maiƙo ya biyo ramin, warinsa kamar na garejin bakanike. Inda a da kurmin itatuwan bakin ruwa yake, yanzu kututture ne tsaye, sai 'yan dashe da aka jera kwanan nan.

Bututun Trans-Niger na kamfanin Shell ne ya fashe a nan har sau biyu a 2008, mai ya yi makonni yana kwarara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kamfanin ya daina haƙo mai a Ogoni tun 1993, amma bututun bai daina ratsa ƙasarsu ba. Mutanen Bodo ba su samu biyan bukata a gida ba, sai da lauyoyin kamfanin Leigh Day na Birtaniya suka kai ƙarar Landan. A Janairun 2015 aka sasanta kan fam miliyan 55: miliyan 35 ga masunta kimanin 15,600, sauran na gari. Kowa ya tashi da fam dubu biyu da 'yan kai.

Na ce, "Baba, kai me ka yi da naka rabon?"

Ya yi dariya, ya ce kuɗin makarantar yara da rufin ɗaki suka cinye. Kifi kuwa yanzu sai an yi nisa zuwa bakin teku, ga tsadar man inji. A ganina diyyar ta biya asarar 'yan shekaru ne kawai, sana'ar kuma ta gado ce.

A hanyar dawowa na sauka Ogale, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano sinadarin benzin mai guba a ruwan rijiya ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Mutanen Ogale ma Ingila suka kai ƙarar Shell, kuma a 2021 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ana iya sauraron ƙararsu a can. Ƙishi ya kama ni, mai shagon da na tsaya ta miƙo min ruwan leda, ta ce kada in kuskura in sha na rijiya ko da an ba ni.