Abin da neman tsoffin gonaki a Kano ke koya wa ɗan sa-kai a aikin tonon kayan tarihi

A 1824, lokacin da Clapperton, wani matafiyi ɗan Birtaniya, ya shigo Kano, gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna, don ko an yi wa birni zobe da yaƙi a samu abin ci. Yau gini ya haɗiye kusan duka, sai 'yan filaye da aka killace a gefen ganuwa da gindin duwatsu irin Dala da Goron Dutse, da kufai a wajen gari. Nan ne 'yan sa-kai masu taya masana binciken kayan tarihi ke shiga aiki.

Darasin farko, ido ke fara aiki kafin hannu. Bayan kaka ake fita, ciyawa ta bushe, kuma da sassafe, domin rana tana ƙasa-ƙasa, inuwa na fito da tsoffin kunyoyi da tsakar rana ba za a gani ba. Kukoki da suka taru wuri ɗaya, ko tudun jan ƙasa inda tubali ya narke, ko tsingaro barbaje, duk alamar an taɓa zama ne. Duwatsu jere a da'ira kuwa galibi gindin rumbu ne, waɗanda ake ɗora shi a kai saboda gara da danshi. Sau da yawa sabon ɗan sa-kai yakan kwashe su gefe wai yana share wuri, alhali su ne abin da aka zo nema.

Ba a tona ba tare da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ba, kuma ƙwararre ne ke jagora. A kuma gaida mai unguwa, a zauna da dattawa. In ba haka ba a ɗauka zinariya ake haƙa, dare ya yi wasu su zo su birkice ramin.

Wajen tonon, ana kafa turaku a ja igiya, mita ɗaya faɗi mita ɗaya tsawo. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa. In bai ba da santimita 141 ba, murabba'in ya karkace. Ana sauka santimita goma-goma da cokalin magini da burushi, diga ba ta da wuri a nan. Da launin ƙasa ya canja, a tsaya, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe da alamar arewa, sannan a ci gaba. Duk ƙasar da aka kwasa sai ta bi ta rariya, nan ake tsintar ƙonannun ƙwayoyin gero da dawa, waɗanda ke nuna abin da aka noma.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ajiya. Dutsen niƙa da aka ɗaga ba a rubuta rami da zurfinsa ba ya koma dutse kawai. Kowace ledar da aka saka abin da aka tono a ciki ta samu lambarta nan take, ba sai an tashi ba. Gawayi kada a taɓa shi da hannu, a naɗe shi cikin takardar alminiyum, don da shi ake auna shekaru. Shi ya sa ma ba a cinna wa ciyawa wuta don share fili, sabon toka da gawayi na gauraya da na da.

Tsohuwar rijiya a killace ta kawai, kada kowa ya shiga: bakinta na rubzawa, iskar cikinta na kisa. A juya dutse da sanda saboda kunama. In ƙashin mutum ya bayyana, a dakata a rufe a sanar, wataƙila tsohuwar maƙabarta ce. Kafin ruwan farko kuma a shimfiɗa buhu a ƙasan ramin, a mayar da ƙasar a danne.